Kyamarar Robar Dirisa

Shekara da shekaru tsoho Sekuba Tarawele yana ɗaukar hoto a Segu da kyamararsa ta ƙarfe. Sai ya murɗa gilashi, ya auna haske, ya ja fim da yatsa, sannan ya ce, "Masu wuri, a gafarce mu," kafin ya danna.

Ɗansa Dirisa ya dawo daga Bamako da wata 'yar kyamarar roba, marar nauyi kamar gwangwanin madara. "Baba, kafin ka gama murɗe-murɗenka amarya ta haihu. Wannan da kanta take gani." Ji rashin kunya.

Wata rana ana gab da magariba Dirisa ya auna ƙanwarsa Nyele a gindin mangwaro ya danna. Fitilar ta wulga da kanta, ba sallama, ba bismilla. Kaji suka yi tsit. Sai dutse ya faɗo kan kwanon rufi, wani ya biyo. Nyele ta zube, ta tashi tana huci da muryar da ba tata ba, ta daina ci, ta daina gane kowa.

Da safe aka ɗauko malami, Karamoko Lasina. Ya yi karatu har gumi ya jiƙa masa riga.

"Wace ce ke?" in ji shi.

"Maƙwabciyarku," muryar ta ce. "Tsohon nan yana neman izini, mu kauce. Wannan tarkacen ya haske ni ina shayarwa, ya haɗiye min ɗa. A buɗe shi a rana, ko in tafi da 'yarku."

"In an buɗe za ki fita?"

"Ko ruwanku ba zan tsaya sha ba."

Dirisa ya ƙanƙame kyamarar. "Baba, Inna na ciki. Na ɗauke ta tana tankaɗe, kafin ta rasu."

Sekuba ya daɗe yana kallonsa. Duk zaman aurensu matar nan ba ta taɓa yarda an ɗauke ta ba, shi kuma bai taɓa matsa mata ba. Fuskarta babu ita a ko'ina sai a cikin robar nan.

Sekuba ya fizge ta, ya ɓalle murfin, ya zaro fim ɗin cikin rana. Nyele ta yi atishawa, ta ce tana jin yunwa.

Tsohon ya jefa wa ɗansa robar a ƙirji. "Ita ma ba ka nemi izininta ba."