Ƙofa Ɗaya da Magariba

Dutsen farko ya faɗo a kan kwanon gidan ana gab da kiran magariba, uwar gida tana kwashe shanya. Ta zagi yaran maƙwabta, ta ci gaba da ninke kaya. Na biyu ya faɗo, na uku ya biyo shi. Sai wayoyin gidan suka ɗauki ƙara tare, har da tsohuwar da ta shekara a durowa ba caji. Auta, 'yarsu mai shekara goma sha uku, ita ta ɗauko tsohuwar ta kara a kunne. Ta daɗe a tsaye. Da ta ajiye, ba ta sake cewa uffan ba.

Maigidan injiniya ne a kamfanin waya, kuma dogon ƙarfen sabis da ke bayan katangarsu nan yake gwajinsa. Duk wayar da ke son magana sai ta fara ƙwanƙwasa wa ƙarfen ƙofa. Ƙofofin 'yan kaɗan ne, kowace waya kuma tana zaɓar ƙofa ne da ka kawai. In biyu suka faɗa ƙofa ɗaya sun yi karo, sai su ja da baya su jira, su sake gwadawa. A da, in ƙarfen yana magana ba ya saurare. Shekara uku Injiniya ya kashe yana koya masa yin duka biyun a lokaci guda, ya buɗe sababbin ƙofofi sittin da huɗu, ya tsara wayar da za ta bi sabuwa da wadda za ta bi tsohuwa. Mutumin da ya koya wa ƙarfe saurare, a gidansa sai ka kira shi sau uku kafin ya ce "uhm".

Kwana shida ana jifa, kullum da faɗuwar rana. Auta takan zauna a bakin gado, leɓɓanta suna motsi ba sauti, ta karkatar da kai kamar mai jiran amsa. Likita ya duba maƙogwaro ya ce lafiya lau. Injiniya ya ce tsoro ne, zai wuce, ya koma kan kwamfutarsa, don jibi manyan kamfani za su zo ganin gwaji. Uwar gida ba ta nemi izininsa ba, ta aika aka kira malam.

Malam tsoho ne marar gaggawa. Ya sa aka kashe fanka, ya zauna nesa kaɗan da yarinyar, ya fara karatu. Ɗakin ya yi tsit, hasken taga yana ja da baya. Can sai yatsun ƙafarta suka ƙanƙame, wata murya ta tsohuwa ta fito daga bakinta.

"Ya isa, malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke? Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba ta yi ba. Ubanta ne." Idon Auta ya juya kan Injiniya. "Tsakanin maganar ƙarfenka da sauraronsa akwai ɗan shiru. Ta nan nake kiran 'ya'yana su dawo gida da magariba. Ka cike shi. In na kira sai in yi karo da wayoyinku, in ja baya, in sake, in sake. Ƙaramin ya kwana tara a waje."

"Me kike so?" in ji malam.

"Ya rufe sababbin ƙofofin duka."

"Ba zai yiwu ba," Injiniya ya faɗa, tun kafin ta rufe baki. "Aikin shekara uku ne."

Uwar gida ta dube shi, irin kallon da ba a mantawa. "Baban Auta, 'yarka ce a kwance."

"Na sani. Amma ki gane, in aka rufe duka..."

Haka aka yi ta ciniki a kan yarinyar, kamar ana sayen akuya. Muryar ta sauko zuwa ƙofa talatin, ya ce wayoyi za su yi ta karo. Ta ce goma, ya ce manya za su gani a lissafi. Malam ya ɗaga karatu har muryar ta yi ihu, gumi ya jiƙe wa Auta riga, sannan ta ce, "Ɗaya. Ƙofa ɗaya, daga magariba zuwa isha." Wallahi sai da Injiniya ya ɗaga ido sama ya yi lissafi kafin ya ce ya yarda. Ya buɗe kwamfuta a nan ya cire ƙofar.

Malam ya ce, "Saura tambaya ɗaya. Ga gidaje ko'ina, me ya sa ita?"

"Shiru nake nema, a wurinta na samu. Wata nawa tana buɗe baki za ta yi wa ubanta magana, waya ta riga ta. Ta yi ta ja da baya har ta daina gwadawa. Wuri na tarar a share, na zauna."

Auta ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki. Malam ya yi addu'a, ya ɗauki takalmansa. Uwar gida ta rungume 'yarta tana kuka tana shafa mata ruwa a fuska.

Yarinyar ta buɗe ido, ta nemi ubanta har ta gan shi a bakin ƙofa. Murya a dishe ta ce, "Baba..."

Daidai nan wayarsa ta yi ƙara. Shugabansa ne, ya ga an taɓa tsarin. Injiniya ya dubi wayar, ya dubi 'yarsa, ya ɗaga mata yatsa ɗaya.

"Minti ɗaya, Auta."

Ya fita tsakar gida. Ta rufe bakinta a hankali, ta juya ta fuskanci bango. Ba a sake jifan gidan ba, gwaji kuma ya yi kyau, aka ƙara masa girma. Auta tana magana da uwarta, tana magana da ƙawayenta. Shi kuwa har yau yana cewa aljanar ba ta gama fita ba, tunda yarinyar ba ta kula shi.