Kwaɗo a Ƙofar Turken Sadarwa

Ranar da Injiniya ya fara ganinta, kwaɗo ne a hannunta. Yana tsugune a gindin sabon turken sadarwar da kamfaninsu ya kafa a bayan gari, yana ɗaure waya, sai ya ji ƙarar sarƙa a bakin get. Ya ɗago ya ga wata siririyar budurwa sanye da riga mai tambarin hukumar kula da sadarwa, fuskar nan tata a murtuƙe.

"Malam, ka fito ko in rufe da kai a ciki."

"Ki rufe me? Wa ya aiko ki?"

"Doka ce ta aiko ni. Janaretanku ya manne da katangar maƙwabta, hayaƙinsa kai tsaye yake shiga tagar wata tsohuwa."

Injiniya ya miƙe yana kakkaɓe wando, ransa a ɓace. "Ku ne fa kullum a rediyo kuna roƙon masu kuɗi su zuba jari a kai sabis unguwannin da babu. Mun sha wuya mun shawo kan masu jarin, mun kafa turke, sai ki zo mana da kwaɗo?"

"Jari muka ce a kawo, ba tari ba. Ka matsar da janaretan, in zo in buɗe."

Yana fitowa ta datse kwaɗon, ta miƙa masa katinta, ta shige motar ofis ko waige babu. Ya bi motar da tsaki mai tsawo. Amma katin bai jefar ba, aljihun gaba ya saka shi.

Da yamma saƙonsa ya shigo wayarta.

"Mai Kwaɗo, mutanen unguwar nan sai sun hau katanga suke amsa waya. Alhakinsu yana wuyanki."

Ta mayar masa nan take.

"Sarkin Hayaƙi, alhakin huhun tsohuwa kuma yana wuyan wa? Kada ka ƙara turo min saƙo sai ka gyara."

Bai daina ba, ita ma ba ta daina amsawa ba. Kullum sai sun gasa wa juna magana. Ya matsar da janareta, ta zo ta ce wayar kare tsawa ba ta nutse ƙasa sosai ba. Ya sake haƙa rami yana zufa yana ƙunƙuni, ta tsaya a kansa da abin awo tana cewa ya ƙara. Ya rantse bai taɓa ganin mace mai taurin kai irinta ba. Ta ce ai bai yi yawo ba ne.

Sai wata rana ya turo saƙon da ba ta shirya masa ba.

"Yau na shiga ɗakin tsohuwar nan. Har labulenta ya yi baƙi da hayaƙin gwajin da muka yi. Kin yi gaskiya, na ji kunya. Amma kwaɗon ban yafe ba."

Ta karanta ta sake karantawa, ta kama kanta tana murmushi ita kaɗai. Daga ranar faɗan ya canza launi. Ana dai yin sa, amma yanzu yakan ƙare da "kin ci abinci kuwa, Mai Kwaɗona?" ita kuma ta ce "ka riƙa ɗaura igiyar tsaro in za ka hau, ba na son jin labari." Kowa ya san me wannan yake nufi, su biyun ne kawai suke nuna ba su sani ba.

A gida Auta ake ce mata. Babanta tsohon ma'aikacin gwamnati ne, ya yi ritaya babu gida na biyu, babu mota, sai suna mai tsabta da yake alfahari da shi a kowace hira. Sunan nan shi ne abin da ya bar wa 'ya'yansa, kuma shi ne yanzu yake cikin haɗari.

Dokar aikinsu ta ce duk jami'in da yake da alaƙa da kamfanin da yake bincika, dole ya faɗa da bakinsa a gaban kwamiti, ya saki binciken. In ta faɗa, za a cire ta daga sashen bincike da take matuƙar so. In ta yi shiru ta sa hannu aka buɗe turken, ranar da magana ta fito za a ce soyayya ce ta buɗe shi. Kuma me ma za ta faɗa? Mutumin nan bai taɓa ambaton aure ba. In ta tambaye shi kuwa, tana ganin ta zubar da ajinta. Sai ta zaɓi mafi muni, ta daina amsa saƙonsa gaba ɗaya.

"Mai Kwaɗona, lafiya?"

Ya sake turowa: "Laifin me na yi? Ki faɗa in gyara, ai kin san na iya gyara."

Da ya faɗa wa Ummansa kuwa, daɗi ta ji. "Alhamdulillahi, Allah ya raba. Yarinyar da ta rufe maka hanyar abinci ita ce za ka kwaso min gida? Ta zo ta garƙame min kicin ni ma?"

"Umma, aikinta ta yi."

"Rufe min baki. Aikinta ya yi mata yawa."

A ofishinsu Auta akwai wani babban jami'i da ake kira Mai Kwat, don ko rana za ta narka kwalta ba ya cire kwat ɗinsa. Ya daɗe yana nemanta tana zillewa. Ya lura da yadda take murmushi ga waya, ya bi diddigi har ya gano. Ranar nan Injiniya ya je ofishin neman ganinta, sai ya hange ta a gaban motar Mai Kwat za su fita aiki. Ya koma ya rubuta mata cikin fushi.

"Ashe haka ne. Da kin faɗa min tun wuri cewa mai kwat kike so, da ban wahalar da kaina ba. Ki buɗe mana turkenmu, kowa ya kama gabansa."

Ta yi kuka a banɗakin ofis, ta wanke fuska, ta koma bakin aiki.

Mai Kwat bai tsaya nan ba. Ya wanke ƙafa ya je gaishe da Baba, ya zauna yana sunkuyar da kai kamar mutumin kirki, ya kwashe komai ya faɗa har da ƙari. Auta ta dawo ta tarar da Baba a tsaye a tsakar gida.

"Auta, da gaske ne kina hulɗa da yaron kamfanin da kika rufe?"

"Baba, wallahi ban taɓa sassauta masa ba."

"Wa zai yarda? Ni da na haife ki ma sai da gabana ya faɗi. Muddin ina raye ba zan ba da ke ga wanda abincinsa yake ƙarƙashin sa hannunki ba. Na gama magana."

Ranar zaman kwamiti ta zo. Dogon tebur, Darakta a kai, wakilin masu jari yana ta duba agogo, Injiniya a can ƙarshe ya haɗe rai ya ƙi kallonta. Rahotonta ya nuna an gyara komai, saura a amince a buɗe. Mai Kwat ya gyara murya.

"Yallaɓai, kafin a karɓi rahoton nan, akwai tambayar da ya kamata a yi wa..."

Auta ta miƙe. "Ba sai an tambaye ni ba, yallaɓai. Ina da alaƙa da injiniyan wannan kamfani. Kada a karɓi rahotona. A ba wani ya sake dubawa daga farko."

Darakta ya cire tabarau. "Wace irin alaƙa? Doka ta ce a fayyace."

"Aurensa nake so in yi."

"Ya nema ne?"

"Bai nema ba tukuna, yallaɓai."

Kujerar Injiniya ta faɗi baya saboda yadda ya zabura. "Na nema! Wallahi yanzu na nema!"

"Injiniya, zauna, nan ba zauren surukai ba ne," in ji Darakta. Ya juya ya danƙa binciken a hannun Mai Kwat, ya ce daga gobe Auta ta koma teburin karɓar ƙorafin jama'a.

Kada ka zaci daga nan aka sha daɗi. Wakilin masu jari ya fita yana faɗa, yana cewa in haka ake jan mutane a ƙasa za su kwashe kuɗinsu su kai wani wuri. Shugaban kamfani ya yi wa Injiniya tatas. Umma ta ce ai ga shi nan, yarinyar ta rufe turken da hannunta, yanzu ta rufe da bakinta. Baba ya daina amsa gaisuwar Auta, wai ta tsaya gaban maza ta nemi miji. Ita kuma ta koma amsa wayar masu zagi saboda an cinye musu kati.

Saƙo ɗaya ne ya riƙe ta a kwanakin nan.

"Ki yafe min abin da na rubuta, Mai Kwaɗona. Kishi ne ya rufe min ido. Kin riga ni faɗa a gaban mutane, ni kuma zan yi ta faɗa miki har ƙarshen rayuwata: ina son ki."

Ta amsa: "Na yafe, Sarkin Hayaƙi. Ka ɗaure kowane noti da kyau, Mai Kwat ba zai raga maka ba."

Bai raga ba kuwa. Ya zo da kwat ɗinsa ya ƙwanƙwasa kowane ƙarfe, ya sa aka tone ramin wayar tsawa, ya auna tazarar katanga ya sake aunawa. Ya nemi laifi ido rufe bai samu ba, domin wadda ta riga shi dubawa ba ta bar masa komai ba. A dole ya sa hannu, yana huci. Aka kunna turke, masu jari suka huce har suka fara maganar kafa wani a unguwar gaba.

Sai a lokacin Baba ya aika a kira Injiniya. Bai ba shi wurin zama mai kyau ba.

"Da ta yi shiru da tuni an buɗe muku. Ka ji haushinta?"

"Na ji, Baba, ba zan ɓoye ba. Na sha zagi a wurin aiki. Amma da ta yi shiru, da yau ban iya zuwa gabanka ba."

Baba ya gyaɗa kai. "Ka turo manyanka."

Umma ce ta fi wuyar sha'ani, sai da 'yan'uwanta suka taru a kanta. Ranar ɗaurin aure ma da ƙyar ta saki fuska, amma da amarya ta durƙusa gabanta, sai ta kama hannunta ta ce, "Taurin kan nan naki ki riƙe min shi a kansa, ni ya fi ƙarfina. Allah ya ba ku zaman lafiya."

Da za a tafi da ita, Baba ya kira ta gefe.

"Auta, na yi aiki har na tsufa ba a taɓa zargina ba, ina ta cika baki da haka. Amma ni ba a taɓa gwada ni da abin da nake so ba. Ke an gwada ki. Je ki, na yafe miki duniya da lahira. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku 'ya'yan da za su yi muku abin da kika yi min."

Ta faɗa jikinsa tana kuka, Injiniya yana bakin ƙofa yana amsawa da amin.