Yarinyar da Ta Rina 'Yan Tsaki

A wata unguwa da ke bayan kamfanonin Challawa, akwai wata yarinya mai rawar kai. Komai ta gani sau ɗaya, sai ta ce ta iya. Babanta yana kiran ta Uwata, don sunan mahaifiyarsa aka sa mata.

Yarinyar tana da kaza wake-wake da ta ƙyanƙyashe 'yan tsaki. Kullum da safe takan buɗe musu akurki, su fita kiwo a filin ƙofar gida. Rannan shirwa ta kawo sura, ta yi sama da ɗaya. Yarinyar ta sha kuka.

"Umma, me ya sa shirwa ba ta ɗaukar na maƙwabtanmu?" ta tambaya.

"Ba ki ga sun shafa musu galura ba?" in ji Umma. "An ce in suka zama ja, shirwa ba ta gane su. Ki bari Babanki ya taso daga aiki, zai sayo mana. Yau kada ki fitar da su."

To, haƙuri dai ba halinta ba ne. A bayan gidansu akwai kwata mai kwararo ruwa daga wani kamfani. Yau ruwan shuɗi, gobe kore. Ranar kuwa jajawur yake.

"Ga rini a banza, me za a jira?" ta ce a ranta.

Ta faki idon Umma, ta ɗebo ruwan a tsohon kwano. Ta kama 'yan tsakin ɗaya bayan ɗaya, tana tsoma su ciki. Duk suka fito jajaye. Ta riƙe ƙugu tana kallon su, ita a dole ta yi gwaninta.

"Umma, zo ki ga aiki," ta ce.

Kafin Umma ta fito, murna ta koma ciki. 'Yan tsakin suka dunƙule wuri ɗaya suna karkarwa, idanunsu a rufe. Ƙaramin cikinsu ya faɗi ta gefe. Hannuwan yarinyar suka fara ƙaiƙayi da raɗaɗi. Tsoro ya kama ta sosai.

"Innalillahi. A ina kika samo wannan ruwan?" in ji Umma.

"A kwata," ta amsa.

"Maza wanke hannunki da sabulu. Ni zan ɗora ruwan ɗumi."

Suka ɗauraye 'yan tsakin a hankali, suka goge su da tsohon zane. Umma ta sa su a kwando, ta ajiye kusa da murhu don su ji ɗumi. Sauran suka ɗan motsa. Ƙaramin kuwa yana nan kwance.

Da la'asar Baba ya dawo da galura a leda. Ya ji labari, ya duba hannun 'yarsa.

"Uwata, a kamfanin da nake aiki ba ma taɓa irin wannan ruwa sai da safar hannu ta roba," ya ce. "Ba rini kaɗai ne a ciki ba. Akwai sinadarai masu ƙona fata. Ko galurar ma ba tsoma su ake yi ba. A gadon baya ake ɗan shafawa da auduga."

"Ku yi haƙuri, Baba. Ƙaramin zai mutu?"

"Rai na Allah ne. Mu dai mu gyara musu wurin kiwo. Tashi ki miƙo min kara."

Suka yi 'yar gajeriyar rumfa a ƙofar gida, inda kaji za su sha inuwa, su kuma ɓuya in shirwa ta zo. Yarinyar ta cika kasko da ruwa mai tsabta, don kada ƙishi ya kai su kwata.

Gari na wayewa ta ruga wurin kwando. Ƙaramin yana tsaye da ƙafafunsa, yana ture 'yan'uwansa a kan ɓarzajjen gero. Daɗi ya cika ta, har da hawaye.

"Umma, ya tashi," ta ce. "Ba zan ƙara yin abin da ban sani ba sai na tambaye ku."

"Haka ake so," in ji Umma. "Wanda zai kula da mai rai, sai ya yi haƙuri, ya yi tambaya kafin ya sa hannu."