Tamalen da Ya Ƙi Dahuwa

Kun taɓa jin abincin da ke ƙin dahuwa in mai girki na fushi? A can ƙasar Meksiko haka tsofaffi ke faɗa game da tamale, wato ƙullun masara da ake naɗewa a ɓawon masara a turara, kamar yadda muke yin alala.

A wani ƙauye an yi wata yarinya mai saurin fushi. Ranar biki kakarta ta sa ta naɗin tamale tare da ƙanwarta. Ƙanwar ta ce, "Yaya, naki duk sun karkace." Yarinya ta tsuke baki, ta ɗora madambaci a fusace.

Aka ƙara itace, tamale bai dahu ba. Aka ƙara ruwa, tamale bai dahu ba. Ga baƙi sun cika tsakar gida.

Kaka ta ce, "Wa ya ɗora mini tukunya da fushi? A al'adarmu, sai ya yi mata rawa."

Yarinya ta sunkuyar da kai. Ita babba, ta yi rawa a gaban wannan 'yar tsokanar? Amma ta dubi baƙi, ta ce, "Ni ce, Kaka."

Ta fara takawa tana harare-harare. Ƙanwa ta fashe da dariya, ta kama hannunta, suka yi ta zagaya murhu har ita ma dariya ta ƙwace mata. Da Kaka ta ɓare guda, sai ga shi ya rabu da ɓawonsa tsaf.

To yara, in akwai wanda kuke fushi da shi, ku je ku kamo hannunsa kafin a sauke tukunya yau.