Fura a Kicin ɗin Yahudawa

"Kadri! Innalillahi... ajiye ludayin nan!"

Ihun Sumaya ya sa shi daskarewa, nono na ɗiga daga ludayi mai jan hannu, na miyar nama.

"Haba sanyin idona, fura ce fa nake dama miki. Tun safe ba ki ci komai ba..."

Hawaye suka cika idonta. So ne ya kawo shi, so ɗin kuma ya ɓallo musu ruwa. Gidan abincin da take aiki a unguwar Queens, can ƙasar waje, na Yahudawa ne, kuma na nama. A dokarsu ta abinci, wato kosha, nama da madara ba sa haɗuwa, ko a cokali. Takardar shaidar bin dokar da ke manne a ƙofa ita ke kawo masu saye, in an cire ta kasuwa ta mutu. Shi kuwa Kadri, mai kai wa masu saye abinci gida-gida a keke, bai san dawan garin ba.

Sai ga Abdul-Hanan, yayan Sumaya kuma shugaban masu girki. Da ma ya daɗe yana cewa ba zai ba Kadri ƙanwarsa ba, wai yaron ba shi da natsuwa.

"Kin gani ko? Wannan ne mijin?"

"Yaya, don Allah, bai sani ba ne..."

"Ki min shiru!" Ya waiga ya rage murya. "Kai, wanke shi maza kafin Malam Zalman ya shigo. Babu wanda ya gani."

Sumaya ma, Allah ya sani, abin da take fata ke nan.

Kadri ya girgiza kai.

"Gafara dai, Yaya. Da wani zai juya tukunyarmu da cokalin naman alade, ya ɗauraye ya yi shiru, za mu yafe masa? Mutanen nan sun amince da abin da muke zuba musu."

Kafin a tare shi ya nufi Malam Zalman, dattijon da ke sa ido kan dokar abinci a gidan, ya miƙa masa ludayin, ya faɗi komai. Sumaya na bayansa.

Dattijon ya shafa gemu.

"Madarar da zafi take ko da sanyi?"

"Daga firji na ɗauko."

"To, ludayi ya tsira, zan tsarkake shi da kaina. Amma abincin waje haramun ne a nan. Daga yau ba za ka ƙara taka kicin ɗin nan ba, iyakarka ƙofar baya."

A ƙofar bayan Sumaya ta same shi yana rungume da kwanon furar, abin tausayi. Ta rasa dariya za ta yi ko kuka.

"Ka kusa kashe ni, nawan. Yanzu Yaya ya samu hujja..."

"Ko ya hana ni ke, ba zan so ki auri mai ɓoye laifi ba."

Kuka ya ƙwace mata, don ba ta taɓa jin sonsa kamar yau ba.

Gyaran murya suka ji. Abdul-Hanan ne tsaye, fuska a murtuke. Ya karɓi kwanon, ya kurɓa, ya yatsina baki.

"Ko damu ba ka iya ba, duk gaya ne." Ya miƙa wa Kadri kwanon. "Ni da na girme ka na ce a ɓoye, kai ka ƙi. Na ji kunya, wallahi."

Ya juya zai koma ciki, sai ya tsaya.

"Ranar Asabar Yahudawa na hutu, a rufe muke. Ka turo magabatanka."