Tunduk ɗin Wani Gida

Da yamma na fita neman goɗiyata, ranar da tunduk na uku ya tsage a hannuna. Tunduk shi ne zoben katakon da ke ƙololuwar zagayayyen ɗakin ulu irin namu na makiyaya, inda sandunan jinka suke shiga, hayaƙi ya fita. In babu shi, babu ɗaki.

Tun da zaftarewar ƙasa ta cinye mana gida nake wannan aiki. Na yanko itace a bakin rafi, na turara shi a kashin tumaki, na lanƙwasa sanda sittin da hannuna. Burul, matata, ta daka ulun tumaki arba'in don lulluɓin ɗakin, da cikinta na wata bakwai. Dusar ƙanƙara ta riga ta sauko rabin dutse. Ni kuwa na daina jin komai, ko tsoro ko fushi.

Ban ga goɗiyar ba. A tsohuwar maƙabarta na ga wani tunduk a kan kabari, baƙi ƙirin da kunkunniya, ko tsaga babu. Kowa ya san ma'anarsa. In zuriya ta ƙare, a kan kabarin na ƙarshensu ake ajiye tunduk ɗin gidan. Na ƙirga hudojin da sanduna ke shiga. Sittin cif.

Na saɓa shi a kafaɗa.

Washegari na kira Baba Sagin, dattijon zangonmu, don shi ke ɗaga tunduk da gwafa. Ya shinshina katakon, ya dube ni.

"Toktosun, jiya ka sassaƙa shi, yau har ya sha hayaƙin shekara ɗari? Hannunka da albarka."

"Na kawuna ne, Baba."

"Kawun naka da ko tukunya bai bari ba?" Ya ajiye gwafar. "Ɗaga abinka."

Na ɗaga abina. Kowace sanda ta shige gurbinta ba gardama. Kafin magariba mun lulluɓe ulu, mun ɗaure igiyoyi. Burul ta shigo da gadon lilo na jariri ta ajiye a ɓangaren mata, ta zauna tana haki.

Ba mu hura wuta ba, amma ɗakin ya yi ɗumi. Sai warin tsohon hayaƙi da na nonon goɗiya mai tsami. A bayana wani ya yi gyaran murya. Cokali ya bugi kwano. Mutane ne da yawa da ba ma gani, suna zaune a kewaye, suna numfashi.

Gadon ya fara lilo da kansa.

"Maigida," in ji Burul a hankali, "ya daina motsi."

Hannunta na kan cikinta.

Daga can ƙuryar ɗakin, inda ake zaunar da manyan baƙi, muryar wata tsohuwa ta fito, a shaƙe don murna.

"Sannu, 'yar nan. Mun daɗe muna jiran magaji."

Na finciki Burul muka yi waje. Na zare wuƙa na datse igiyar da ta ɗaure bango. Ɗakin ya buɗe ya zube, sanduna suna karyewa ɗaya bayan ɗaya. Kafin duhu ya rufe na mayar da tunduk ɗin kan kabarinsa, na karanta abin da na iya.

A garken tumakin Baba Sagin muka yi hunturu. Bai taɓa tayar mini da maganar ba, da ma ya zage ni. A can Burul ta haihu. Namiji ne, bai yi kuka ba. Na haƙa kabarin da kaina, ban yi hawaye ba, har yau kuma ban yi ba.

Shekara uku ke nan. Na sassaƙa tunduk nawa, ya ɗan karkace, amma yana riƙe da ɗaki. Ba mu sake samun haihuwa ba.

Duk kaka nakan bi ta maƙabartar ba tare da Burul ta sani ba. Kunkunniyar da ke jikin katakon sabuwa ce, in ka taɓa da ɗumi. Shekarar farko kukan jariri na ji. Bara, takun ƙananan ƙafafu.

Bana ya fara magana. Na ji ya ce "Baba," wani kuma ya amsa.