Sulen Da Aka Wanke

Ko da Sufeto Idris ya iso gidan da ke unguwar Al Nahda, can ƙasar Larabawa, ya tarar an riga an yanke hukunci. An zazzage jakar Inna Rabi, mai yi wa gidan girki, a bakin ƙofa. Zannuwanta da carbinta duk suna ƙasa, maƙwabta na leƙe.

Idris jikan Hausawan Sudan ne, don haka ba ya neman tafinta.

"Me ya ɓata?" ya tambayi maigidan, Injiniya Ɗalhatu.

"Sulen zinare na Amurka, bugun 1857. Shi ne shugaban duk waɗanda na tara. A liƙe yake cikin gidansa na roba, hannu ba ya taɓa shi."

"Me ya sa ka ce ita ce?"

"A kwandon sharar kicin aka ga robar a fashe. Yau zan soke bizarta."

"Ka soke!" in ji Inna Rabi. "Amma ba zan koma Kano da sunan ɓarauniya ba. Yallaɓai, in zan yi sata, a kwandona zan zubar da shaida? Ban yi boko ba, amma ba ni da taɓin hankali."

Sufeto ya duba robar. Da filaya aka datse ta, a tsanake.

"Wa kuma ke kwana a nan?"

"Sai yayata Hafsa," in ji Ɗalhatu. "Sarin gwal take zuwa yi, ta kai gida."

Hafsa ta fito tana gyara mayafi. "Ni jiya wuni na yi a Al Quoz wajen kago, masu aika kaya gida. Ban ma san kamannin abin ba."

Sufeto ya shiga banɗakin ɗakin baƙi, inda Hafsa ke kwana. A gefen famfo ya ga ƙaramin kwano da busasshiyar kumfar omo, da ɓawon lemon tsami, da tsohon buroshin haƙori.

Daga nan ya bi shagunan masu sayen tsofaffin sulalla a kasuwar Deira. A ɗaya daga ciki, mai shagon ya kama kai.

"Wata mata ta kawo shi jiya, fuskarta a rufe. Sule irin wannan, amma an goge shi har yana ɗaukar ido! Mu tsufan nan da ke jikinsa muke saye. Da an wanke, khalas, shi ke nan, ya zama gwal na awo. Na faɗa mata, ta zage ni da yarenta, ta tafi da abinta."

Da la'asar Sufeto ya tara su a falo. Ya ciro wani tsohon sule da ya aro a shagon, ya dusashe har ya yi ja.

"Ga abin da muka samu. Kowa ya duba."

Inna Rabi ta naɗe hannu. "Ba zan taɓa ba, kar a ce ya rage nauyi."

Ɗalhatu ya riƙe shi ta gefe da yatsu biyu, yana ɗauke numfashi. "Ba nawa ba ne."

Hafsa ta karɓa. Kafin ta ankara ta auna shi a tafin hannu, ta hura masa iska, ta shiga murza shi da bakin mayafi.

"Yaya, daina!" Ɗalhatu ya yi tsawa. "Ba a gogewa!"

"Ita ta saba," in ji Sufeto. "Mai sayar da gwal ba ta kai kaya kasuwa da dauɗa. Hajiya, na kira wajen kago, ba su gan ki jiya ba. Omo da lemon tsamin da ke banɗakinki na mene ne?"

Hafsa ta ajiye sulen aron. Can ta kwance bakin zaninta, sulen Ɗalhatu ya faɗo kan tebur, fes, hoton mikiyar da ke jikinsa duk ya kakkarce.

"Ni na ɗauka. Sarƙoƙin Hajiyarmu Ɗalhatu ya sayar bayan rasuwarta ya sayi wannan, ko shawara babu. Na ce in gyara shi ya yi kyan gani, in sayar."

"Robar fa?"

"Na san ba wanda zai tsaya wa mai girki."

Wata 'yar sanda da ke tare da Sufeto ta kama hannun Hafsa. "Yalla." Aka fita da ita ta gaban maƙwabtan nan dai. Ɗalhatu ko ɗaga kai bai yi ba, sulen yake kallo yana cewa, "Ta kashe shi, ta kashe shi."

Inna Rabi ta tsaya a kansa.

"Tashi, ɗan nan. Makokin ƙarfe ya jira. Kayana suna inda ka watsar."

Ta buɗe ƙofa har bango, don kowa ya gani. Injiniya ya durƙusa yana tsince zannuwa ɗaya bayan ɗaya.

"Ninke su," ta ce. "A ninke ka same su."